Shin fathi yana gushewa bayan an same shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa ta Kamaru, ina sayar da atamfa da shadda. Na karɓi ɗariƙar Tijjaniyya, na yi tarbiya a hannun muƙaddaminmu, kuma Allah ya yi mini fathi, wato buɗin zuciya ga saninsa. A lokacin duk abin da na kalla Allah nake tunawa, zikiri ya fi mini abinci daɗi, dare ba ya isata. Yanzu duk wannan ya tafi. Lazimi ina yi, amma da ƙyar, zuciyata a bushe. Wani ɗan'uwa ya ce an yi mini salbu, wato an ƙwace abin da aka ba ni. Wani kuma ya ce wanda ya isa ba ya komawa, saboda haka dama can ban isa ba. Wanne ne gaskiya? Fathi dawwamamme ne, ko ana iya rasa shi?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya sa albarka a kasuwa.

In dai yadda ka faɗa haka abin yake, ba a yi maka salbu ba. Wanda aka yi wa salbu ba ya zama ya rubuto wa malami yana kuka a kan lazimin da yake yi da ƙyar, domin lazimin ma ba ya gabansa. Shi kuma ɗan'uwanka na biyu maganar manya ya ɗauko, kuma tana da asali, sai dai ya ajiye ta inda ba mazauninta ba. Abin da ya rikita ku shi ne kun haɗa abubuwan da malaman wannan fanni suka rarrabe tun da daɗewa. Akwai daɗin da zuciya ta ɗanɗana. Akwai sanin da ya shige ta. Akwai kuma karɓuwa a wurin Allah da cikawa da imani. Daɗin nan dole ya tafi, haka aka yi shi. Sanin ba kasafai ake manta shi ba, amma ana lulluɓe shi, kuma yana iya juyewa ya zama hujja a kan mai shi. Karɓuwa da kyakkyawan ƙarshe kuwa babu mai takardar shaidarsu a aljihu, ko shi wane ne, sai wanda nassi ya yi wa bushara.

Kukan da kake yi sahabi ya riga ka yin sa. Muslim ya rawaito cewa Hanzala al-Usayyidi, ɗaya daga cikin marubutan Annabi (SAW), ya gamu da Sayyidina Abubakar ya ce masa: Hanzala ya zama munafuki. Da aka tambaye shi dalili sai ya ce idan suna gaban Annabi yana tunatar da su wuta da aljanna, kamar suna ganinsu da ido, amma da zarar sun koma cikin mata da 'ya'ya da gonaki sai su manta da yawa. Abubakar ya ce wallahi shi ma yana jin haka. Ka duba fa, Abubakar ne. Suka tafi tare wurin Annabi (SAW), ya ce musu da za su dawwama a kan yadda suke a wurinsa da cikin zikiri, da mala'iku sun yi musafaha da su a kan shimfiɗunsu da hanyoyinsu, "amma ya Hanzala, sa'a da sa'a", ya maimaita sau uku. Bai ce masa an ƙwace maka wani abu ba. Bai kuma ce masa abin da ka ji a gabana ƙarya ne ba. Ya nuna masa cewa ɗan Adam ba mala'ika ba ne, kuma hawa da saukar nan ba nifaƙi ba ne.

A kan wannan ne sufaye suka gina bambanci tsakanin hali da maƙami. Imam Ƙushairi, wanda ya rasu a Naisaburi a 465 bayan Hijira, ya ce halaye kyauta ne, maƙamai kuma da aiki ake samunsu. Hali yana sauko wa zuciya ba tare da bawa ya janyo shi ba: shauƙi, kuka, sanyin zuciya, tsoro mai girgiza jiki. Wasu shehunnai suka ce kamar walƙiya yake. Maƙami shi ne abin da bawa ya zauna a kansa har ya zama ɗabi'arsa, irin su tuba da haƙuri da tawakkali da yarda da hukuncin Allah. Abin da ka lissafa mini duka, daɗin zikiri, rashin jin barci, ganin komai yana nuna maka Allah, halaye ne. Ba kai ka kawo su ba, to yaya za ka tsare su?

Akwai ma wani abu da ban so in faɗa maka da wuri don kada ka ruɗi kanka da shi, amma tun da gaskiya ne bari ka ji. Wani lokaci raguwar girgiza alama ce ta cewa abin ya zauna. Ƙushairi ya kawo daga malaminsa Abu Ali Daƙƙaƙ cewa matan da suka ga Annabi Yusuf (AS) farat ɗaya sun yanke hannayensu saboda gigita, ita kuwa matar Azizu, wadda son ya fi cin ranta nesa ba kusa ba, ko gezau ba ta yi ba a wannan rana. Su ma'abota talwini ne, masu sauyawa daga yanayi zuwa yanayi, ita kuma ma'abociyar tamkini ce, abin ya riga ya kafu. Shi ya sa za ka ga sabon muridi yana faɗuwa a da'irar zikirin Juma'a, dattijon da ya tsufa a zawiyya kuwa yana zaune da carbinsa kamar bai ji komai ba. Ban ce kai ka kai nan ba. Na ce dai kada ka riƙa auna kusancinka da Allah da yawan hawaye.

Ma'aunin yana wani wuri. Ibn Aɗa'illah na Iskandariyya, wanda ya rasu a Alƙahira a 1309 miladiyya, ya ce a cikin littafinsa Hikam kada ka yabi wani abu da ya sauko wa zuciyarka alhali ba ka san amfanin da zai haifar ba, domin ba zubar ruwa ake nema daga girgije ba, 'ya'yan itace ake nema. Ya kuma ce kada ka nemi wanzuwar waɗannan abubuwa bayan sun shimfiɗa haskensu sun ajiye sirrinsu. Mu nan Marwa ta Kamaru ba sai an yi mana dogon sharhin wannan ba. Muskuwari, wato dawar rani, wanda mutanen Barno ke ce wa masakwa, mutanen Cadi kuma berbere, ai sai damina ta ɗauke ake dasa shi a karal, wato ƙasar laka mai riƙe ruwa, wajen watan Oktoba. Daga nan ba zai ƙara ganin girgije ba. Sama ta bushe, hunturu ya shigo, ƙasar ta tsattsage, amma da laimar da laka ta riƙe yake rayuwa har a yanke shi wajen Fabrairu. Manomin da ya zauna yana kukan hadari ya wuce bai san gonarsa ba. To kai ma ka duba abin da wancan lokaci ya bar maka. Kafin tarbiya yaya sallarka ta asuba take, yanzu yaya take? Idan mai saye ya zo bai san farashin shadda ba, hannunka yana iya zaluntarsa kamar da? Idan ka yi saɓo, kana iya barci lafiya? In ka ga waɗannan sun canza kuma canjin yana nan, to abin da aka ba ka yana nan, ɗanɗanonsa ne kawai aka ɗauke.

Sai maganar ɗan'uwanka na biyu, wadda ita ce ainihin wurin da malamai suka yi saɓani, kuma ta cancanci a tsaya a kanta.

An rawaito daga magabata, wasu sun jingina ta ga Zun-Nun al-Misri wasu ga Abu Sulaimana Darani, cewa duk wanda ya koma daga hanya ya koma, da sun isa da ba su komo ba. Kalabazi, malamin Bukhara na ƙarni na 4 bayan Hijira, ya buɗe wannan mas'ala a littafinsa Ta'arruf, a babin fana'i da baƙa'i. Ya ce an yi saɓani ko wanda ya yi fana'i, wato ya gushe daga ganin kansa cikin shaida Allah, ana mayar da shi ga sifofin ransa na da, sannan ya ce manya irin su Junaidu da Kharraz da Nuri suna ganin ba a mayar da shi. Hujjarsu ita ce fana'i baiwa ce daga Allah, ba aikin bawa ba ne da za a ce ya gaji ya bari, kuma Mai karamci ba ya ƙwace kyautar da ya keɓe bawansa da ita. Suna da abin dogaro a hadisi ma. A farkon Bukhari, Hirƙalu sarkin Rum ya tambayi Abu Sufyana ko akwai wanda ke barin wannan addini don ƙinsa bayan ya shiga, ya ce babu, sai Hirƙalu ya ce haka imani yake idan daɗinsa ya gauraya da zukata. Ga kuma hujjar hankali. Ibn Aɗa'illah ya ce isarka ga Allah ita ce isarka ga saninsa, domin Allah ya ɗaukaka daga a ce wani abu ya sadu da shi. To sani kuwa, wanda ya gane da yaƙini cewa babu mai yi sai Allah, yaya za a yi ya koma bai gane ba?

Ɗaya ɓangaren kuma ga Alƙur'ani. A suratul A'araf, aya ta 175, Allah ya ce a karanta musu labarin wanda muka ba shi ayoyinmu sai ya saɓule daga cikinsu, Shaiɗan ya bi shi, ya zama cikin ɓatattu. Mafi yawan masu tafsiri sun ce Bal'amu ɗan Ba'ura ne, na zamanin Annabi Musa (AS). Allah da kansa ya ce ya ba shi. Ga Iblis, wanda bai taɓa shakkar samuwar Allah ba ko na ƙiftawar ido, saninsa bai hana shi girman kai ba. Ga hadisin Ibn Mas'ud, na huɗu a Arba'una, wanda yara ke haddacewa a makarantun Islamiyya: ɗayanku zai yi ta aikin 'yan aljanna har ya rage kamu ɗaya tsakaninsa da ita, sai littafi ya rigaye shi. Ga addu'ar da Annabi (SAW) ke yawaitawa, kamar yadda Tirmizi ya rawaito: ya mai jujjuya zukata, ka tabbatar da zuciyata a kan addininka. Kuma a suratu Ali Imrana, masu cewa "Ubangijinmu kada ka karkatar da zukatanmu bayan ka shiryar da mu" su ne waɗanda ayar da ta gabata ta kira masu zurfi a cikin ilimi. Da a ce zurfin ilimi yana ba mutum amincin ba zai karkata ba, da me suke roƙo?

'Yan ɓangaren farko sun ba da amsa. Sun ce Bal'amu da Iblis ba su taɓa isa ba tun asali, aron tufa aka ba su aka karɓe. Kuma akwai riwayar Sahal ɗan Sa'ad a Bukhari da Muslim da ta ƙara cewa mutum yana aikin 'yan aljanna "a abin da ke bayyana ga mutane". Wannan amsa daidai take da abin da muka karanta a tauhidi. Jauharatut Tauhid ta Laƙƙani ta ce rabon mai rabo tun azal yake, haka ma marar rabo, kuma ba ya canzawa. Wannan shi ne ra'ayin Ash'arawa, masu duba ƙarshen mutum. Maturidawa kuma suna duba halin da yake ciki yanzu, shi ya sa suka ce mai rabo yana iya zama marar rabo. Masu sharhi sun ce saɓanin na lafazi ne. Ƙushairi ma ya kawo irin wannan tambaya a kan waliyyi, ko mutum zai zama waliyyi yau sannan ƙarshensa ya canza, ya nuna amsar ta rataya ne ga ko an sa kyakkyawan ƙarshe cikin sharaɗin walittaka.

Ga yadda nake ganin abin. Maganar "wanda ya isa ba ya komawa" gaskiya ce a cikin sanin Allah. Amma a hannun bawa ba ta da wani amfani na lamuni, domin ba a tabbatar da wanda ya isa sai an ga bai komo ba har ya mutu. Duk wanda ya faɗi, za a ce dama bai isa ba. To kafin ya faɗi, shi da almajiransa ai sun yi zaton ya isa. Me Bal'amu yake ji game da kansa ana gobe zai saɓule? Ke nan ko ka bi Junaidu ko ka bi masu cewa ana ƙwacewa, aikin da ke gabanka gobe da asuba ɗaya ne. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Kuskuren ɗan'uwanka shi ne ya ɗauki tafiyar hali a matsayin komawa. Komawar da magabata ke nufi ita ce juya wa Allah baya da barin umarninsa. Kai kuwa kana nan kan buzunka kana jan carbi ko da babu daɗi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu 'yan faila musamman. Tun da Shehu Ibrahim Inyass ya bayyana da faila, wato ambaliyar baiwar sanin Allah, a Kaulaha ta Senegal a 1929, tarbiya ta sauƙaƙa ƙwarai. Abin da mutanen da suke shekaru suna nema cikin halwa da yunwa, yanzu saurayi yana ɗanɗanarsa cikin ɗan lokaci. Wannan falala ce, ba na musunta. Amma sauƙin ya sa da yawa sun ɗauka ranar da muƙaddami ya ce musu sun samu, ranar aka gama. Ka dubi Shehu Tijjani kansa. An haife shi a Ainu Madi a 1150 bayan Hijira, ya tafi Fas neman malamai da shehunnai a 1171, ya yi hajji a 1187, fathi mafi girma bai zo masa ba sai a Abi Samguna a 1196. Shekara 25 ke nan yana nema, kuma ya riga ya ƙoshi da Alƙur'ani da fiƙihu tun kafin ya fita. Bayan fathin ma, littattafan ɗariƙa sun kawo cewa sai a 1214 ya kai maƙaminsa na ƙarshe. Shehu Ibrahim ya kasa addini maƙamai uku, kowanne da matakai uku: Musulunci ya fara da tuba, sai istiƙama, sai taƙawa; imani ya ƙunshi ikhlasi da gaskiya da natsuwa; ihsani kuma muraƙaba da mushahada da ma'arifa. Wanda aka leƙa da shi bene na sama don ya san akwai shi, ba a ɗauke masa hawan matakala ba. Abin da ake samu a ƙarshen tarbiya fana'i ne, bayansa akwai baƙa'i, wato a dawo da kai cikin mutane da kasuwa da iyali kana ba kowa haƙƙinsa, bayansa kuma akwai sairu, wato ci gaba da tafiya zuwa ga Allah, wanda ba shi da iyaka. Dawowar nan tana da zafi, kuma da yawan abin da samari ke kira salbu ita ce.

Shehu Abdul'aziz Dabbag na Fas, wanda almajirinsa Ahmad ɗan Mubarak ya tattara maganganunsa a Ibriz, ya fi kowa tsoratarwa a nan. Ya ce fathi akwai na haske akwai na duhu, kuma wanda aka yi wa buɗi yana cikin babban haɗari har sai ya kai ga shaida maƙamin Annabi (SAW). Wato a wurinsa farkon buɗi lokacin tsoro ne. Ka tuna labarin da ya shahara daga Shehu Abdulƙadir Jilani: wani haske ya cika masa sararin sama, murya ta ce ni ne Ubangijinka, na halatta maka abin da aka haramta. Ya ce tafi can la'ananne. Sai hasken ya zama duhu, muryar ta ce ilminka ya tserar da kai, da irin wannan na ɓatar da mutum saba'in daga masu bin hanya. Waɗannan saba'in ɗin duk sun ga haske, kuma sun ji daɗi.

Wannan ya kawo ni ga salbu na gaskiya, domin akwai shi, kuma kada wani ya ce maka babu. Sai dai kamanninsa ba irin wanda mutane ke zato ba ne. Zunubi shi kaɗai ba salbu ba ne. Waliyyi ana tsare shi ne, ba ma'asumi ba ne kamar annabawa. An tambayi Junaidu ko arifi yana zina, ya sunkuyar da kai ya daɗe, sannan ya ɗago ya karanta: kuma al'amarin Allah abu ne ƙaddararre. Bambancin shi ne ba ya zama a kan zunubin, yana tashi ya tuba. Hikam ta ce saɓon da ya gadar da ƙasƙantar da kai da jin buƙatar Allah ya fi ɗa'ar da ta gadar da jin kai da girman kai. Bushewar zuciya ma ba salbu ba ce. Salbu mai ban tsoro shi ne wanda mai shi bai san an yi masa ba. Ibn Aɗa'illah ya ce yana daga jahilcin muridi ya yi rashin ladabi, a jinkirta masa uƙuba, sai ya ce da wannan laifi ne da an yanke mini madadi, alhali ana iya yanke masa ta inda bai sani ba, ko da kuwa da hana shi ƙari ne kawai. Ɗaurin talala ke nan. Bakinsa na nan da zaƙi, yana zuba zancen haƙiƙa mutane na kabbara, in an buga bege yana kuka, amma salla ta yi masa sauƙin bari, bashin mutane ba ya damunsa, mahaifiyarsa na fushi da shi bai kula ba, kuma in ka yi masa nasiha sai ya ce kai mahjubi ne, wato wanda aka yi wa shamaki, ba ka san Allah ba. Irin wannan na fi ji wa tsoro sau dubu a kan irinka. Wani ya ce wa Junaidu masana Allah suna kai wa matsayin da suke barin ayyukan ibada. Junaidu ya ce mai sata da zina ya fi mai wannan magana kyawun hali, kuma da zai rayu shekara dubu ba zai rage ƙwayar zarra daga ayyukan alheri ba sai in an shiga tsakaninsa da su. Aya ta ƙarshe a suratul Hijri ta ce ka bauta wa Ubangijinka har yaƙini ya zo maka, kuma masu tafsiri sun ce mutuwa ake nufi.

Ɗariƙarmu ba ta bar wannan a duhu ba. Cikin sharuɗɗan da ake karanta wa mai karɓar wuridi akwai rashin amince wa makarun Allah har mutuwa. Abubuwan da ke yanke izini kuma sanannu ne: haɗa wuridin da na wata ɗariƙa, ziyartar wasu waliyyai don neman madadi, da barin wuridin gaba ɗaya. Babu bushewar zuciya a ciki. Shehu Tijjani, duk da busharorin da ya yi wa mabiyansa, ya yi gargaɗi mai tsanani a Jawahirul Ma'ani ga wanda zai ji su ya mayar da su lasisin saɓo. Shi ne kuma ya ce in kun ji magana daga gare ni ku auna ta da ma'aunin shari'a, abin da ya dace ku ɗauka, wanda ya saɓa ku bari. A nan zan ɗan yi ƙorafi a kan 'yan'uwanmu. Kalmar salbu ta yi arha a bakinmu. Mutum ya karye a kasuwa, an yi masa salbu. Ya yi rashin lafiya, salbu. Ya daina zuwa wata zawiyya ya koma wata, salbu. Har akwai muƙaddaman da ke razana almajirai da ita don kada su bar su ko don kada hadiyya ta yanke. Zukata a hannun Allah suke, ba a aljihun muƙaddami ba. Ko wanda ya bar ɗariƙa ɗungurungum, mu a wurinmu ya warware alkawarin da ya ɗauka, amma ba mu da ikon fitar da shi daga Musulunci ko yanke hukunci a kan yadda zai cika.

Kada kuma ka manta kana da jiki. Wanda ya wuni a rumfa cikin zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, ga bashin 'yan sari, ga kuɗin makarantar yara, ya dawo ya zauna lazimi bayan la'asar ko magariba, ba abin mamaki ba ne zuciyarsa ta ƙi halarta. Idan bushewar ba ta tsaya ga zikiri ba, abinci ba daɗi, hira da iyali ba daɗi, barci ya lalace, kana jin rayuwar ma ba ta da amfani, kuma an ɗauki makonni a haka, wannan yana iya zama ciwon damuwa, kuma likita ake gani. Ba raunin imani ba ne zuwa asibiti. Haka ma saurayin da ya yi kwanaki ba barci, yana magana ba tsayawa, yana cewa shi ne Mahadi ko Ƙuɗubu, a kai shi a duba shi kafin a fara sumbatar hannunsa. Masu shan tramol don su iya tsayuwar dare kuwa, abin da suka ji daga ƙwaya yake, kuma da ƙwaya zai tafi.

Abin da za ka yi ba shi da yawa. Ka je ka gaya wa muƙaddamin da ya yi maka tarbiya, shi ya san inda ya ajiye ka, kuma shi ya kamata ya fara ji kafin abokai. Ka daina baza halinka a majalisa, domin ka ga abin da ya jawo maka: mutum biyu, fatawa biyu, ka kwana ba barci. Ka riƙe farillai cikin jam'i, ka riƙe lazimi safe da yamma, istigfari 100, salati 100, hailala 100, da wazifa da zikirin Juma'a, ko da zuciyar tana kasuwa harshe na zikiri. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wanda yake zikiri don daɗin da yake ji, daɗin yake bauta wa bai sani ba, kuma sau da yawa don a raba shi da wannan ne ake ɗauke daɗin. Kada ka ƙara wa kanka wasu asirai da adadi masu yawa ba da izini ba don ka janyo abin da ya tafi, kada kuma ka shiga yawon shehunnai kana neman wanda zai sake kunna maka. Hadisi ya ce kowane aiki yana da lokacin zafinsa, kowane zafi kuma yana da lokacin sanyinsa, wanda sanyinsa ya tsaya a kan sunna ya shiryu. Ka yi amfani da sanyin nan ka koma gaban malami ka gyara Ahalari da Ishmawi, in ka wuce su ka shiga Risala, musamman babin ciniki tun da sana'arka ke nan. Sannan ka binciki kanka ba tare da waswasi ba: yadin da kake aunawa cikakke ne, kana faɗin aibin kaya, akwai wanda ka riƙe wa haƙƙi, iyaye suna farin ciki da kai? In ka sami ɓaraka ka toshe, domin haram a ciki tana bushe zuciya fiye da komai. In ba ka samu ba, to ƙabdu ne, wato ƙuncin zuciya, kuma Hikam ta ce yana buɗa maka don kada ya bar ka cikin ƙunci, yana ƙuntata maka don kada ya bar ka cikin buɗi, yana fitar da kai daga duka biyun don kada ka zama na wani abu in ba shi ba.

Ko wancan yanayi zai dawo? Yakan dawo wa wasu, galibi a wata siga mai sanyi da ba ta hana barci ko kasuwa. Wasu kuma ba ya dawo musu yadda suka san shi, kuma wannan bai rage musu komai a wurin Allah ba. Ni ba zan yi maka alkawarin lokaci ba, kuma duk wanda ya ce maka ka kawo kaza ya dawo maka da shi cikin kwana kaza, ka riƙe kuɗinka. Ka gaishe mini da muƙaddaminku da 'yan'uwa na zawiyya. Wallahu a'alam.